Levin, Trueno, GT-APEX, GT-V: yaya ake gane ainihin samfurin Toyota AE86?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske kan tsohuwar Corolla ɗin nan mai jan baya, AE86, wadda Toyota ta yi daga 1983 zuwa 1987. A shafukan gwanjo sunayenta sun yi yawa: wannan Levin, waccan Trueno, wata GT, wata GT-V, wata GT-APEX, ga kuma SR5 da GT-S. Wasu masu sayarwa suna ƙara "zenki" ko "kouki". Kuɗin kuma ba ya kama da juna ko kaɗan, alhali a hoto duk kusan mota ɗaya ce. Shin bambancin na fitila da bamba ne kawai, ko ya shiga inji da ƙafa? Mai ƙofa biyu da mai ƙofa uku wacce ta fi? Sannan idan mutum ya tsaya gaban mota, me zai duba ya tabbatar abin da aka rubuta a bayanta shi ne gaskiyarta? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Tudun_Wada ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Abu huɗu ne suka cakuɗe maka, kuma kowanne zaman kansa yake: fuskar motar, siffar bodi, shekarar ƙira, da darajar kayan da aka sa mata. Idan ka raba su, rikicin ya ƙare.

Fara da fuska. Levin da Trueno mota ɗaya ce a ƙarƙashi. A Japan Toyota tana da rukunin dillalai daban-daban, to sai aka ba masu sayar da Corolla mai suna Corolla Levin, aka ba masu sayar da Sprinter, 'yar'uwar Corolla, mai suna Sprinter Trueno. Levin fitilunta a fili suke, masu kusurwa huɗu, ba sa motsi. Trueno fitilunta a kwance suke cikin hanci, sai an kunna su ɗago. Wannan ya sa bonet, madigadin gaba, bamba da fitilun kwana duk suka bambanta, haka ma fitilun baya. Amma inji, giyabos, ƙafar gaba da ta baya, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya wato milimita 2,400, duk ɗaya ne. Trueno ta ɗan fi nauyi a hanci saboda motocin lantarki biyu da ke ɗaga fitilun da ƙarafunansu, kilo kaɗan ne, mai tuƙin yau da kullum ba zai ji ba.

Sai bodi. Kowace fuska an yi ta iri biyu: mai ƙofa biyu da but a ware kamar salun, da mai ƙofa uku wadda murfin baya yake ɗagawa tare da gilashinsa. Ka ga an samu haɗi huɗu ke nan. Nan ne bambancin yake da ma'ana a hanya. Mai ƙofa biyu tana da ƙarfe da ya ratsa bayan kujerar baya, inda ake ɗora sifika, ya ɗaure gefe da gefe, kuma ramin but ɗinta ƙarami ne. Saboda haka bodinta ya fi tauri, ba ya murɗewa sosai idan an shiga kwana da ƙarfi, kuma ta fi sauƙin nauyi. Mai ƙofa uku an yanke mata babban rami a baya, ga nauyin murfi da faffaɗan gilashi a sama, amma iska ta fi zamewa a kanta idan gudu ya yi nisa. Shi ya sa masu tseren daji da na matsattsun kwanoni suka fi son mai ƙofa biyu, masu tseren fili kuma suka yi amfani da mai ƙofa uku da yawa. A ganina, ga wanda zai tuƙa motar da gaske, mai ƙofa biyu ta fi, kuma sau da yawa ta fi araha domin idon kasuwa yana kan Trueno mai ƙofa uku fara da baƙi.

"Zenki" da "kouki" kalmomin Japananci ne, na farko yana nufin ƙirar farko, na biyu ƙirar baya. An fara sayar da motar a watan Mayun 1983, aka yi mata kwaskwarima a Mayun 1985, aka ci gaba har 1987 lokacin da AE92 mai jan gaba ta gaje ta. Duk wadda aka yi kafin kwaskwarimar zenki ce, ta bayanta kouki. Abin da ido zai gani: bamba gaba da baya, fitilun kwana, ragar gaba, fitilun baya, da yadin kujeru da launin ciki. Trueno kouki mai ƙofa uku ita ce mai fitilun baya masu duhu da jan layi ya ratsa samansu, waɗanda ake nema ruwa a jallo. A Levin GT-APEX ta zenki akwai wata raga ta musamman a gaba wadda take rufe idan inji da sanyi, ta buɗe da kanta idan ruwan lagireto ya ɗau zafi. A kouki aka cire ta, aka sa raga mai fitilun hazo a ciki. Giya otomatik mai huɗu ma sai a kouki ta shigo wa masu injin 4A-GE a Japan.

Yanzu daraja, kuma a nan ina magana ne kan na kasuwar Japan kaɗai. Uku ne:

GT-APEX ita ce ta sama, ana samunta a ƙofa biyu da ƙofa uku. Ita ce mai fenti kala biyu, madubin lantarki, kujeru masu kyau, waifar baya a mai ƙofa uku, birkin faifai a tayoyi huɗu. A cikinsu ne za ka ga masu fawa sitiyari da masu mitar lantarki mai nuna lambobi maimakon allura. Nauyin mai ƙofa uku yana wajen kilo 940.

GT-V a ƙofa uku kaɗai aka yi ta. An rage mata kayan ƙawa, aka bar birkin faifai a baya, aka ƙara wa ƙafa tauri, aka sa rim inci 14, sitiyarinta kuma ya fi saurin amsawa, juyi uku daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ita ce aka yi wa wanda ya sayi mota don tuƙi.

GT a ƙofa biyu kaɗai. Ita ce mafi araha kuma mafi sauƙin nauyi, kusan kilo 900, rim inci 13, ciki ba tarkace. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne birkinta na baya diram ne. Saboda haka idan ka leƙa ta cikin rim ka ga diram, kada ka yanke hukunci nan take cewa ba AE86 ba ce, tana iya zama GT ta gaske.

Dukkansu ukun inji ɗaya ne, 4A-GE, cc 1,587, kamshaf biyu, bawul 16, ƙarfin doki 130 a juyi 6,600 bisa ma'aunin Japan na wancan zamani. Babu wadda ta fi wata ƙarfin inji daga kamfani. Duk mai ce maka GT-APEX ta fi GT gudu saboda suna, bai san motar ba; GT ma ta fi ta tashi saboda rashin nauyi.

Akwai kuma Black Limited, da aka fitar a farkon 1986, guda 400 kacal, Trueno mai ƙofa uku a kan GT-APEX, baƙa wuluk da rubutu da rim ruwan zinare. Saboda ƙarancinta, ita ce aka fi kwaikwaya da fenti da sitika.

Oga_Bakanike ya rubuta:

Injiniya ya shimfiɗa komai daidai. Ni zan ɗauki tambayarka ta ƙarshe, don a nan kuɗin mutane yake ɓata. Motar da ta haura shekara talatin da biyar, fuskarta ba hujja ba ce. Bamba, fitila, tambari, kujera, duk da sifana lamba 10 da 12 ake sauya su. Ka buɗe bonet ka je bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Abu biyu ne a wurin: lambar casis da aka buga a jikin ƙarfen kansa, da ɗan allon alminiyam da aka liƙa da ribit.

A allon, layin farko shi ne samfuri. A na Japan za ka ga AE86, sai haruffa biyar. Misali FCMVF. Ga yadda ake karanta su: harafin farko E Levin ce, F Trueno. Na biyu S ƙofa biyu, C ƙofa uku. Na uku M giyar hannu mai biyar, P otomatik. Na huɗu V shi ne GT-APEX, Q kuma GT ko GT-V, sai ka duba yawan ƙofa ka san wacce. To FCMVF Trueno ce mai ƙofa uku, giyar hannu, GT-APEX. ECMQF Levin GT-V ce. ESMQF Levin GT. Idan fuska ta Trueno ce allo kuma ya fara da E, an sauya mata fuska. Ba laifi ba ne a mota, amma kada ka biya kuɗin Trueno ta asali. Idan ka ga P alhali motar tana da kuloci, an mayar da ita giyar hannu ne daga baya, sai ka duba yadda aka huda bango aka ɗaura fedar kuloci da famfonsa, don wasu sukan yi aikin a karkace, ƙarfen ya tsage a hankali.

A ƙasan allon akwai lambar fenti, lambar yadin ciki, da layin giya da aksul. Giyabos T50 ya kamata ka gani. Lambar aksul kuma ta fara da T. T282 na nufin rabon giya 4.3 da difaransha ta gama-gari, T283 kuma 4.3 da difaransha mai kulle kanta, wadda ake kira LSD. Wannan LSD zaɓi ce da mai saye yake ƙara wa kuɗi, ba duk AE86 ce ta zo da ita ba, ko da GT-APEX ce. Gwajinta: ɗaga baya duka biyu a jek, ka tokare da sitan, giya a firi, birkin hannu a sauke, ka juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai LSD mai rai. Ta juya baya, ko dai babu, ko faifan cikinta sun cinye. Idan akwai, man da aka yi don LSD za ka zuba, in ba haka ba za ka ji tana ƙara kat-kat-kat a kwana.

Lambar da ke allo dole ta zo ɗaya da wadda ke jikin bango. Ka haska tocila a gefe, ka shafa wurin da yatsa, ka kuma leƙa bayansa ta ƙarƙashin dashbod. Alamar walda, fila, ko fenti sabo a kewayen lambar kaɗai, ka bar motar. Ribit sababbi masu ƙyalli a tsohon allo ma abin tambaya ne.

Dalilin wannan bincike duka shi ne AE85. Bodi ɗaya ne sak, Levin da Trueno, ƙofa biyu da uku, amma injinta 3A-U ne, cc 1,452, kamshaf ɗaya, kafireta, doki 83. An yi ta ne don zirga-zirgar gari, da sunaye irin su SR, SE, Lime da Lissé. SR mai ƙofa uku ta yi kama da GT-V ƙwarai. Tun da daɗewa ake sayen AE85 da arha a jefa mata 4A-GE a sayar da sunan AE86, kuma yawanci inji kaɗai ake sauyawa a bar sauran. Abubuwan da ke tona asiri:

Kuloci. Na AE85 da kebul yake aiki, na AE86 da mai. Ka nemi ɗan kofin man kuloci kusa da na birki.

Birkin gaba. Faifan AE86 mai ramukan iska ne a tsakiya, na AE85 dunƙulalle ne, siriri. Ka cire taya ɗaya ka gani da idonka.

Aksul ɗin baya. Na AE85 ƙarami ne. Da ƙarfin 4A-GE da sakin kuloci da zafi, ba ya daɗewa zai fara kuka, daga nan haƙora su zube.

Tanki da layin mai. Kafireta famfon da ke jikin inji ya ishe ta. Injekta tana son famfon lantarki mai matsi, da bututu masu ɗaukar matsin, da tankin da aka yi mata. Idan an bar tankin AE85, da mai ya yi ƙasa da kwata ka shiga doguwar kwana, sai mai ya gudu gefe, famfo ya ja iska, inji ya yanke. Robar mai da aka ɗaure da kilif na ruwa a layin matsi kuwa gobara ce ke jiran rana.

Mitar juyi. Jan layin ta AE86 yana sama da 7,000, na AE85 yana wajen 6,000.

AE85 da aka yi wa cikakken aiki, aka kwaso ƙafa, aksul, farfela, tanki da wayoyi daga AE86, tana tuƙuwa daidai da ita. Sai dai takardarta AE85 ce, kuɗinta ma ya zama na AE85.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Oga. Karatun allon nan ya warware mini abu da yawa. To amma duk waɗannan na Japan sitiyarinsu a dama yake. Masu sitiyari a hagu fa, su ma haka darajojinsu suke? Kuma ina SR5 da GT-S suka faɗo?

Dan_Kwatano ya rubuta:

Malam, wannan tambayar ita ce ta fi shafar mu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, ga kuma ƙa'idar kwastam kan shekarun motar da za a shigo da ita, wadda sai ka bincika kafin ka tura ko sisi. Ke nan masu sitiyari a hagu, na Amurka da na Turai, su ne abin dubawa, kuma sunayensu daban ne da na Japan.

A Amurka da Kanada ba a yi amfani da sunan Levin ko Trueno ba. Corolla Sport ake ce mata, kuma duka fuskar mai ɗaga fitila suka samu, ƙofa biyu da ƙofa uku. Bambarsu ta fi ta Japan tsawo da nauyi saboda dokar karo ta can, ga ƙananan fitilu a gefen madigadi. GT-S ita ce mai 4A-GE, birkin faifai huɗu, aksul babba, LSD idan an zaɓa, kuma ta fara ne daga samfurin 1985. SR5 kuwa injinta 4A-C ne, cc 1,587 shi ma, amma kamshaf ɗaya da kafireta, doki saba'in da 'yan kai, diram a baya. Matsayinta kusan na AE85 ne a Japan, sai dai ga tarkon: ita ma AE86 aka rubuta mata. Don haka a motar Amurka ganin AE86 kaɗai bai isa ba. Ka karanta doguwar lambar nan mai 17 da ke gindin gilashin gaba ta gefen direba. Ta fara da JT2AE88, GT-S ce. JT2AE86, SR5 ce. JT2AE85 kuma DX ce, mafi ƙanƙanta a kaya. Mutane da yawa sun sayi SR5 suna murna sun ga 86.

GT-S an rubuta mata doki 112, ta Japan 130, amma ratar ba ta kai yadda lambobin suka nuna ba. Japan a lokacin tana auna inji ne tsirara ba tare da duk kayan da ke jansa a cikin mota ba, Amurka kuma tana aunawa da komai a ɗaure. Bambancin da zai dame ka a gareji shi ne na wayoyi. Ta Amurka tana auna iska da wani akwati mai marfi a bayan filtar iska, ta Japan kuma da na'urar auna matsin iska a manifol. Burenbos ɗinsu da damin wayoyinsu ba sa shiga na juna. In za ka sayi ɗaya a gwanjo, ka sayi saitin duka daga mota ɗaya.

Na Turai fuskar Levin suka samu, fitila a fili, da sunan Corolla GT, kuma da 4A-GE, wajen doki 124. Da irinta Chris Hodgetts ya ci gasar motocin salun ta Biritaniya a 1986 da 1987. Na Ingila da Ailan sitiyari a dama ne, na Jamus, Beljiyam, Faransa da maƙwabtansu a hagu. A wurina waɗannan na tsakiyar Turai su ne zaɓi mafi kyau: inji mai ƙarfi, bamba ƙarama, sitiyari inda muke so. Matsalarsu gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi, wanda ya ci ƙasan da yawa daga cikinsu. Ostireliya kuma Sprinter ce mai fuskar Levin, ƙofa uku, da 4A-C, sitiyari a dama. Ba ta da abin da za ta ba ka.

Kada wani ya ce maka juya sitiyari daga dama zuwa hagu aikin kwana biyu ne. Bangon inji daban ne, sai an yanka an yi walda. Sai rak ɗin sitiyari na hagu, dashbod, akwatin feda, hannayen waifa, bututun birki da wayoyi. Kuma manifol ɗin hayaƙin 4A-GE a gefen hagu yake, daidai inda sandar sitiyari za ta bi, shi ya sa wasu manifol na kasuwa da aka yi wa motar Japan suke gugar sandar a mota mai sitiyarin hagu. Bayan duk wahalar, lambar casis tana kan bangon da aka yanka, darajar motar ta faɗi.

Fanabita_Panteka ya rubuta:

Ranku ya daɗe, duk abin da aka faɗa na sunaye gaskiya ne, amma ni bodi mara tsatsa na fi ba muhimmanci a kan kowane tambari. GT mai lafiyayyen ƙarfe ta fi GT-APEX ruɓaɓɓiya. Ƙarfen motar nan siriri ne, kuma kowace siffa da inda take ruɓewa.

A mai ƙofa uku, ruwa yana shiga ta robar murfin baya da ta bayan fitilu. Ka ɗaga murfin ka duba leɓensa na ƙasa da gindin gilashi, ka ɗaga robar da farce. Ka fitar da sifiya taya ka ƙwanƙwasa ramin. Sannan ka cire robobin gefe, ka zura hannu cikin aljihunan nan biyu da ke bayan tayoyin baya, nan ruwa yake kwanciya shekara da shekaru, har ka ji ƙasa-ƙasa tana marmashewa a yatsanka. A mai ƙofa biyu, kusurwoyin gilashin baya na ƙasa da magudanar da ke kewaye da bakin but. A duka biyun: bakin madigadin baya, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, gindin ginshiƙin gilashin gaba, kan shakazoba a ɗakin inji, ƙarƙashin batir, da inda sandunan aksul suke kama bodi. Wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari. Sanduna huɗu ne ke riƙe aksul ta tsawon mota, ɗaya a gicciye, kuma a motar da aka yi wasan zamiya da ita wurin yakan tsage. Ka sa ta a rami ka goge da buroshin waya ka duba. Mai rufin da ke buɗewa kuma, bututun da ke sauke ruwansa yakan toshe, ruwan ya bi ginshiƙi ya sauka ƙarƙashin kafet.

Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, fila ce. Layin da ya raba fari da baƙi a masu kala biyu wuri ne da ake ɓoye aiki, domin ido yana bin layin ya manta da lanƙwasar ƙarfe. Lambar fentin kala biyu a allo tana farawa da 2, sai harafi, sai lamba. Idan allo ya nuna kala ɗaya mota kuma kala biyu ce, fenti ne na baya. Ɗaga kafet ɗin but ko robar ƙofa za ka ga launin asali.

Game da sauya fuska daga Levin zuwa Trueno, ba bamba da fitila kaɗai ba ne. Bonet, madigadi biyu, bamba da ƙarfenta, fitilu da ƙafafunsu da motocinsu, fitilun kwana, rile, da makunnin da ke ɗaga su. Inda aikin yake lalacewa wayoyi ne: a haɗa ba rile, fitila ɗaya ta ɗago ɗaya ta ƙi, ko moto ya yi ta juyi har batir ya mutu. Kowane moto yana da ɗan murfi da ake juyawa da hannu a ɗaga fitila idan lantarki ya ƙi, amma ka cire kan batir kafin ka sa hannu, don yana iya tashi ya datse yatsa. Haɗa kayan zenki da kouki ma haka, bamba da fitilun kwana da ƙarafan da ke riƙe su tare suke tafiya. In ka sayi ɗaya ka bar ɗaya, rata za ta fito wadda fila ba ta rufewa. Fitilun baya na ƙofa biyu ba sa shiga ƙofa uku. Gilashin baya da na gefen baya ma kowace da nata, kuma samunsu wuya ne, don haka motar da gilashinta ya fashe ka rage kuɗi sosai.

Oga_Bakanike ya rubuta:

Ƙari biyu kan zenki da kouki, don bambancin ya wuce bamba. Sandar aksul ta kouki ta fi kauri, milimita 25 a maimakon 24 ta zenki. Milimita ɗaya ne, amma LSD ɗin da aka yi wa ɗaya ba ta karɓar sandar ɗayar. Kuma tunda an sha sauya aksul a motocin nan, kada ka yi oda da shekarar mota. Ka kwance notuna huɗun da ke bayan birki, ka zaro sandar, ka auna bakinta da baniya, sannan ka saya. A 2021 Toyota ta dawo da ƙera wasu kayan AE86 a ƙarƙashin shirin GR Heritage Parts, ciki har da kalifar birkin baya da sandunan aksul.

Na biyu, inji. Kasuwanninmu cike suke da 4A-FE na Corolla masu jan gaba, kuma wani zai ce maka ai duk 4A ne, bawul 16 ne. Ba ɗaya ba ne. 4A-GE murfin kansa biyu ne a ware, filogi a tsakiyarsu, bel yana jan fule biyu. 4A-FE kansa matsattse ne, murfi ɗaya, bel yana jan fule ɗaya. Na asalin AE86 shi ne mai rubutun shuɗi a murfi da T-VIS a manifol, wato wasu ƙananan marafa da ke buɗewa idan juyi ya haura 4,000, ka ji muryar inji ta sauya. In ba ka ji wannan sauyin ba, ka duba siririyar robar iska da ke jan su, yawanci ita ce ta tsage. 4A-GE da aka ciro daga AE92 yana zama, har bulok ɗinsa ya fi ƙarfi, amma an yi shi ne don kwanciya a gicciye. Idan ka miƙar da shi, bakin totur zai kalli bango, bututun ruwa su fito inda ba su dace ba, sai ka ɗauko manifol ɗin shiga, kaskon mai da bututun tsotsonsa, da mahaɗan ruwa daga injin AE86 kafin ya zauna daidai.